Rabin Yini a Villefranche

Talata, 1 ga Yuli, bayan azahar

Sahadatou tana kicin tana waƙa. Ina jin ta ta bango, har da buga cokali a gefen tukunya.

Da safe Madam ta dawo mini da fasfona. Ba ta miƙo mini a hannu ba, a kan injin wanki ta ajiye shi, ta wuce kicin ta karɓi na Sahadatou ta ba Laouali direba ya kai ofishin biza. Ba da ni za a tafi Faransa ba ke nan. Da ita za a tafi.

Ni na kawo yarinyar nan aiki gidan nan na Riyad. Ni na tsaya mata a gaban Madam na ce 'yar unguwarmu ce a Damagaram, hannunta ba ya ɗauka, bakinta ba ya yawo. Rabin maganar dai ta tabbata. Ɗaki ɗaya muke kwana, kwano ɗaya muke ci, har sabulun wankana take ara. Yau na ɗauke sabulun na sa a akwati.

Za ta gani.

Laraba, 2 ga Yuli, hantsi

Jadda ta yi barci. Bari in rubuta abin yadda yake, kada wata rana zuciyata ta yi sanyi in ce ƙaramin abu ne.

Masu gidan za su tafi hutu a jirgin ruwa, irin manyan nan da suka fi otal girma, su zaga tekun Turai. Har da Jadda, mahaifiyar maigida, wadda ni ke kula da ita tun da ƙafafunta suka daina ɗaukar ta. Duk inda kekenta ya shiga, nan nake shiga. A cikin tafiyar akwai ranar da jirgin zai tsaya a gaban wani ɗan gari na Faransa, Villefranche. Rabin yini kawai, daga safe zuwa azahar. Masu ƙafa mota za ta hau da su tsofaffin ƙauyukan da ke kan duwatsu, su ga gidajen da suka girmi kakannin kakanninsu, su sayi turare a wani ƙauye wai shi Eze. Ni da Jadda an ce mu zauna a ƙasa, a bakin ruwa, ta sha shayi ta kalli teku har su dawo.

Madam da kanta ta nuna mini hotunan, don na ɗan yi lakkwal, bokonmu na Faransanci, in karanta mata sunayen. Gidaje ja da rawaya, lunguna 'yan sirara, fure a kowace taga. Ina karantawa ina ta murmushi. Ita ta zaci murnar shiga jirgi ce.

Wanda ba na faɗin sunansa yana Marseille. Shekara tara rabona da shi, tun ranar da ya hau motar Agadas. Ba shi da takardu, ba ya iya fita daga ƙasar, ni kuma ba na iya shiga. Da azumin bana matarsa ta haihu, mace, ya sa mata sunana. Ta bakin ƙanwata Delou ya aiko cewa daga Marseille zuwa wurin tafiyar jirgin ƙasa ce kawai, zai zo da su ya tsaya a inda fasinjoji ke sauka. Ban ce zan rungume shi ba, ni ba Balarabiya ba ce. Na dai so in gan shi a tsaye, in ga ko yana cin abinci, in ɗauki takwarata in ɗora a kafaɗa. Abin da aka ƙwace mini ke nan.

Laraba, bayan la'asar

Ranar Litinin abin ya faru. Ƙawayen Madam sun zo shan gahawa. Ina gefe ina gyara wa Jadda matashi, Sahadatou tana zuba musu. Wata ta ce wa Madam ai ta yi sa'a, mai aikinta tana jin Faransanci, ba za a cuce su a kasuwa ba. Ba wanda ya tambayi Sahadatou komai. Da guntun Larabcinta ta buɗe baki ta ce, "Maryam murna take, ɗanta yana Faransa."

Madam ta ajiye finjali. Ta ce, "Wane ɗa? Ya Maryam, ba biyu kika ce mini kina da su ba, Shafa'atu da Harouna, duk a Nijar?"

Biyu na ce mata, tun ranar da na fara aiki. To, nawa zan ce? Wace mai kunya ce ke ƙirga ɗan fari? Uwata ta rene shi, a bayanta ya girma, Yaya yake ce mini kamar yadda Delou ke ce mini. A gaban baƙi na sunkuyar da kai na ce, "Ɗan mahaifiyata ne."

Madam ta juya wajen Sahadatou. "Wa ya haife shi?"

A nan duk abin yake. Da ta yi shiru. Da ta ce ba ta gane tambayar ba, kamar yadda take yi kullum in an ce ta wanke tagogi. Sai ta nuna ni da butar gahawa.

Madam ta ce mini kazzaba, wato maƙaryaciya. Ta ce na ɓoye ɗa ne don in mun sauka in gudu, in bar tsohuwa a titin Turawa, su kuma in bar su da hukuma. Na so in yi bayani. Da wane Larabcin? Matar da ake kira Ummu Nasir da sunan ɗanta na fari, tana amsawa tana fara'a, yaya zan yi ta gane cewa mu namu ba ma ambata? Na tattara finjalai na fita.

Juma'a, 4 ga Yuli, safe

Ta ce mini ina kwana, barka da Juma'a. Ban amsa ba. Mala'iku su rubuta, na ji.

Lahadi, 6 ga Yuli, bayan azahar

Na bi Laouali kasuwar Aziziya sayen kayan miya. Ba don kayan miyar ba, don in bar mata gidan ta shaƙi iskarsa ita kaɗai.

A hanya ya ce, "Hajiya, wallahi subul da baka ne. Yarinyar nan ba ta da wayon mugunta."

Na ce, "Subul da bakan da ya samo mata biza? Allah ya ba ni irinsa."

Ya yi dariya ya ce mu mutanen Damagaram in mun riƙe abu sai ka ce kaska. Na ce gara mu da mutanen Maradi, da za a mare su su tambayi farashin marin. Ya fara, "Ramin mugunta dai…" Na ce ya riƙe karin maganarsa ya dubi hanya, kada ya kashe mu a kan tumatir.

Kowa haƙuri, haƙuri. Tun ina budurwa nake dafa dutsen nan, har yau ban ga romonsa ba.

Talata, 8 ga Yuli, hantsi

Ta same ni ina guga. Ta tsaya a bakin ƙofa tana murza gefen zanenta.

"Yaya Mariamou, ki yafe mini. Wallahi murna nake taya ki. Na manta su ba su san kunya irin tamu ba."

Na ce, "To, ki je ki ce wa Madam ba za ki ba."

Ta saki gefen zanen. Can ta ce, "In na ƙi, 'yar Filifin ɗin gidan ƙanwarta za ta ɗauka. Ke dai ba za ta dawo kanki ba, ta ce halas, magana ta ƙare. Gara ni, ko saƙo na kai masa. Ki ba ni ƙunshin nan na ƙarƙashin gadonki."

Ashe har ta gama shiri, har leƙen ƙarƙashin gadona take yi. Yaji ne a ciki, da kuka, da daddawa, da zanen goyo da na saya a kasuwar Bat'ha na yi wa kalmasa da hannuna. Na ce mata wadda ta nuna ni da buta ba za ta riga ni ganin takwarata ba, ko da duniya za ta tashi. Ta yi kuka. Hawayenta ba tsada, albasa ma tana samu kyauta.

Ban sani ba ko da gangan ta yi. Wani lokaci in ce e, wani lokaci in ce a'a. Amma ko wanne ne, ni ce a ƙasa, ita ce a jirgi.

Alhamis, 10 ga Yuli, bayan la'asar

Na kira Delou. Na ce ta gaya wa yaron nasu kada ya wahalar da kansa, an fasa tafiya da ni, Sahadatou za a ɗauka. Ta yi salati, ta ce me ya faru. Na ce halin Larabawa ne, yau fari gobe baƙi.

Ban gaya mata sauran ba, duk da bakina yana ƙaiƙayi. In Delou ta ji, shi ma ya ji. Zai ji cewa an tambaye ni a gaban mutane na ce ba nawa ba ne. Ya san al'ada, amma ya daɗe a cikin Turawa, ban san abin da ya rage masa ba.

Ga ni nan ina rufa wa Sahadatou asiri ba da sona ba. Shi ma na ɗora a kan nata.

Litinin, 14 ga Yuli, safe

Bizarta ta fito. Tana gwada takalmi a gaban madubin da na saya.

Laraba, 16 ga Yuli, bayan azahar

Madam ta ce in koya mata aikin Jadda. Na koya mata komai daidai, don Jadda ba ta yi mini laifi ba. Maganin safe sai ta ci wani abu. Ruwan alwala mai ɗumi, ba mai zafi ba. In za a juya ta, a fara da kafaɗa, a kuma murza hannu ya yi ɗumi kafin a taɓa ta. Sahadatou tana ta "to Yaya, to Yaya," kamar ba ita ba.

Jadda ta ture hannunta ta ce ita Maryam take so. Ta faɗa wa ɗanta, ya ce ta yi haƙuri, maganar ma'aikata a hannun matarsa take. Tsohuwa ta juya fuska bango. Na ji daɗi, na kuma ji tausayinta, amma daɗin ya fi yawa.

Maigida ya tara mu ya ba da umarni. Wadda ke riƙe da Jadda ba za ta matsa daga gefenta ba, a jirgi ko a ƙasa, ko da taku ɗaya.

Juma'a, 18 ga Yuli, bayan an sauko daga masallaci

Laouali ya zo karɓar abincinsa ya ce in zo in ga abin da na huta da shi. A wayarsa ya nemo bidiyon wurin. Ashe a Villefranche babban jirgin ba ya isa gaɓa. A tsakiyar ruwa yake tsayawa, wasu 'yan kwale-kwale masu inji su riƙa kwasar mutane. Ga wata tsohuwar Baturiya a keke, ma'aikata sun ɗaga ta ɗungurungum, kwale-kwalen yana tangaɗi, ita tana ta dariya.

Ya ce, "Kin gani? Da yanzu ke ce kike amai a nan."

Na ce ya sake kunna mini. Ya sake. Na ce ya ƙara.

Ya dube ni ya ce, "Hajiya, wannan shirun naki ba ya yi mini daɗi." Na ce ya ci shinkafarsa kafin ta huce.

Asabar, 19 ga Yuli, hantsi

Ina shafa wa Jadda man zaitun a ƙafa, ta tambaye ni yadda ƙasar Faransawa take. A ganinta duk mai jin Faransanci a can aka yanke masa cibiya.

Na ce ƙasa ce mai kyau, sai dai saukar. Ta ce saukar me. Na ce jirgin ba ya kai wa ƙasa, kwale-kwale ake shiga, mai keke kuma ɗaga shi ake yi.

"Wa ke ɗagawa?"

"Ma'aikatan jirgin, Jadda."

"Maza?"

"Ƙartai. Masu zane a damtse. Ɗaya ya kama nan, ɗaya ya kama can."

Matar da tun rasuwar mijinta ba namijin da ya taɓa ko yatsanta in ba ɗanta ba, likita ma sai mace. Na ji ƙafarta ta ƙame a hannuna. Har nan ban faɗi abin da ban gani ba. Sai na ƙara. Na ce bara wata tsohuwa 'yar Kuwait ta zame musu tsakanin jirgin da kwale-kwalen. Ba ta mutu ba, an tsamo ta, amma ba mayafi, riga ta manne mata a jiki, Turawa suna sama suna ɗaukar hoto. Wannan ni na ƙera shi, kuma ya yi kyau.

Ta daɗe tana jan carbi. Sai ta ce, "Wallahil azim, ba zan shiga kwale-kwalen nan ba." Ta maimaita. Ta ce kada in gaya wa kowa, ɗanta zai dame ta da lallashi, sai ranar da safe za ta faɗa musu.

Na ce bakina alekum. Na koma ɗaya ƙafar.

Talata, 22 ga Yuli, bayan la'asar

Ta goge shuɗiyar abayarta ta ninke daban. Wai ta ranar Faransa ce. Tana ta koyon "bonjour madame" a gaban madubi, tana faɗin sa kamar mai tauna goro. Na gyara mata. Ta yi murna, ta zaci na fara saukowa.

Ina ganin ranar tun yanzu. Ta sa abayar, ta shafa kwalli, ta ɗauki jaka, a ce mata zauna. Kowa ya sauka ya bar ta da tsohuwa da fo, tana hangen gidajen nan ja da rawaya ta taga. Ta ga Faransa yadda na gan ta, a hoto. Ramuwar gayya ta fi gayya zafi, in ji mutane, kuma ba su yi ƙarya ba.

Za ta gani. Daga nesa.

Alhamis, 24 ga Yuli, azahar

Jadda ta riƙe hannuna ta sa mini albarka, ta ce ni ce idonta a gidan nan. Na kasa cin abinci. Zafi ne. Riyad a watan nan ba ta barin mutum ya ci komai.

Asabar, 26 ga Yuli, hantsi

Sun tafi. Na tura keken har bakin mota, na gyara wa Jadda mayafi. Sahadatou ta ce, "Yaya, sai mun dawo, a yi mana addu'a." Na ce Allah ya kai Jadda lafiya.

Gidan ya rage ni da shuke-shuken Jadda da Laouali a ɗakinsa na bakin ƙofa. Na fito da sabuluna.

Lahadi, 27 ga Yuli, safe

Ina shara na duba ƙarƙashin gado. Babu ƙunshin.

Na ce hannunta ba ya ɗauka. Ɗayan rabin ma ya rushe. Ta ɗauka, ta kai shi yawon teku, ta dawo da shi. Wa za ta ba? Na riga na ce kada ya zo.

Na ce kada ya zo. Delou ta ce ta gaya masa.

Laraba, 30 ga Yuli, bayan azahar

Delou ta kira tana dariya tun kafin ta yi sallama.

"Yaya, an ce kada in faɗa maki, amma cikina ba ya riƙe abu. Gobe ki ajiye wayarki kusa. Yaronmu ya tafi."

Na ce ya tafi ina.

"Wurin jirgin mana. Sahada ta nemi lambarsa a wurina tun kafin su tashi. Ta ce tun da an hana uwa, ita za ta tsaya a madadinta. Ya roƙi hutu a wurin aiki, ya ɗauki matarsa da takwararki, yanzu haka suna Nis, garin da ke kusa da wurin, a ɗakin wani abokinsa. Gobe da safe za su tsaya a bakin ruwa, Sahada ta kira ki ta bidiyo ki gan su duka."

Na ce ba na ce kada ya je ba? Ba ta san 'yan sanda suna shiga jiragen ƙasan wajen suna tambayar takardu ba? Shi da kansa ya taɓa faɗa mata.

Ta ce, "Ya sani. Ya ce shekara tara bai ga fuskar ɗan unguwarmu ba, ko za a kama shi sai ya je."

Na zauna a kan bokitin wanki. Ban san lokacin da ta kashe ba.

Laraba, kafin magariba

Na haɗiye abin da na haɗiye na kira Sahadatou. Ta ɗauka da murna. Na ce ta ba ni Jadda. Ta ce Jadda ba ta iya riƙe waya a kunne, bari ta buɗe murya.

Na ce, "Jadda, gobe ki sauka. Na ƙara tambaya, an ce kwale-kwalen babba ne, kuma akwai mata a cikin masu taimakawa."

"La, ya binti. A'a, 'yata. Na rantse. Ba ke kika ba ni labarin 'yar Kuwait ba, da aka tsamo ta ba mayafi? Matar ɗana tana cewa ke kazzaba ce. Na ce mata Maryam ba ta taɓa yi mini ƙarya ba."

Magana ɗaya ta rage in faɗa, na san ta, tana kan harshena. Ina jin numfashin Sahadatou kusa da wayar. In na faɗa, Madam ta yi gaskiya ke nan, kuma a gaban wa? A gaban waccan.

Na ce, "Jadda, rantsuwa ai ana yi mata kaffara."

Ta ce a shekarunta ba ta wasa da sunan Allah. Ta tambaye ni ko na ba shukarta ruwa.

Sahadatou ta mayar da wayar kunnenta. Sai ta ce a hankali, "Yaya, wace 'yar Kuwait?"

Na kashe.

Na aika wa Delou cewa na ji tsohuwar ba za ta sauka ba, ta gaya masa ya koma. Ta dawo da amsa, wai ya yi magana da Inna Sahada, ta ce za ta durƙusa wa Madam ta roƙi ko da ɗan lokaci kaɗan. Zai jira.

Alhamis, 31 ga Yuli, hantsi

Na wanke tagogin gidan nan duka, har da waɗanda ba a buɗewa.

Alhamis, azahar

Hoto ya shigo daga Sahadatou, ba ta rubuta komai ba. Daga barandar ɗakinsu ta ɗauka. Ruwa, sai gidajen nan ja da rawaya, daidai yadda suke a takardar Madam. A ƙasa akwai wurin saukar, mutane ƙanana ƙanana. Na buɗe hoton da yatsu har ya dagargaje. Akwai wani mai farar riga a gefe, da wani abu a kafaɗarsa. Wataƙila shi ne. Wataƙila Bature ne da jaka.

Abin da na so ta gani ke nan, ta kuma gani. Na jira daɗin ya zo.

Alhamis, bayan la'asar

Delou ta ce wayarsa a kashe.

Juma'a, 1 ga Agusta, hantsi

A kashe. Ta matarsa ma a kashe.

Laouali ya ga ban taɓa abinci ba, ya ce ko a kai ni asibiti. Na ce zafi ne. Ya ce shekararsa nawa a garin nan bai taɓa ganin zafin da ke sa mutum ya rungume waya a kan sallaya ba.

Laifinta ne. Da ba ta buɗe baki ba ranar gahawa, da ni ce a bakin ruwan nan. Da ba ta nemi lambarsa ba, da yana ɗakinsa. Wa ya sa ta? Wa ya ce ta tsaya a madadina? Laifinta ne tun daga farko.

Na rubuta shi, na karanta, na sake karantawa. Gaskiya ne kuma. Amma bai sa wayar ta kunnu ba.

Asabar, 2 ga Agusta, safe

Sun isa Marseille lafiya. Sun ga 'yan sanda a tasha, suka fasa shiga jirgin, suka kashe wayoyi suka koma ɗakin abokin, sai jiya wani mai motar kaya ya rage musu hanya. Alhamdu lillahi. Na faɗa har muryata ta dushe.

Sahadatou ta aiko da murya. Ta ce ta roƙi Madam, Madam ta ce bayan gudun da wai na shirya ba baƙar fatar da za ta taka ƙasar nan ita kaɗai. Ta ce ta tsaya a baranda tana kaɗa zanen goyon, shi yana waya yana cewa bai hango ta ba, tagogin sun yi yawa. Ta ce, "Ƙunshinki yana nan, zan dawo maki da shi. Ban faɗa masa komai ba, Yaya. Ba zan faɗa ba."

Ko zagi ɗaya babu a ciki. Da ta zage ni, da na san inda zan sa ta. Yanzu za ta dawo ɗakin nan ta kwanta a gadon da ke kallon nawa, tana riƙe da wannan, tana ce mini ina kwana. Ban taɓa ƙin mutum kamar yadda nake ƙin ta yau ba.

Lahadi, 3 ga Agusta, bayan la'asar

Delou ta turo mini muryar da ya aika mata. Ba ya aiko mini kai tsaye, ni ma ba na aika masa. Muryarsa ta yi kauri, ta koma ta mahaifinsa.

Ya ce tun sanyin safiya suke tsaye. Duk kwale-kwalen da ya iso sai ya ɗaga yarinyar sama don a gan ta. Rana ta dafa ta, ta yi kuka har ta gaji ta yi barci. Ya tsaya har aka kwashe mutane, har jirgin ya juya. Ya ce Inna Sahada ta gaya masa wani ne ya tsorata tsohuwar da labarin ƙarya, ita ma ba ta san ko wane ne ba.

"Inna Delou, ba don kaina na je ba. Na so hannun wani na gida ya taɓa yarinyar nan, hannun da zai koma ya taɓa na Yaya. Me muka yi wa mutumin nan? Ko wane ne, ban yafe ba. Allah ya saka mana tun a duniya."

Ina cikin sake saurara Delou ta kira.

"Kin ji ko? Ni tun ɗazu nake cewa amin. Mugun mutum bai yi ba. Yaya? Kin yi shiru."

Na ce ina jin ta.

"To, ki ce amin mana. An zalunci yaron nan, kuma bakinki ya fi nawa kaifi a kansa."

Na ce amin.